Shuɗin Littafin Mushe Hamidu

Shekara tara ke nan da rasuwar Mushe Hamidu (haka muke kiran malamin boko a Nijar, daga Faransanci), malamin lissafi a lakwal, wato makarantar boko, ta Illela, abokina tun muna kiwon awaki tare. A zamaninsa, in mutum ya tsaya bayan gari yakan ga taurari har gindin sama. Yau fitilun sola sun jeru bakin titi, sama ta yi fari-fari. Jama'a na murna, kuma da gaskiyarsu. Shi dai na san da yana raye, da ya ɗauki kayansa ya ƙara nisa cikin gonaki.

Wani Bature da suka koyar tare ne ya bar masa madubin hangen taurari da 'yar na'ura mai auna haske. Shekara ashirin Hamidu yana bin wasu taurari masu ƙara haske su rage, yana rubutawa. Amma kullum sai ya fara auna wasu guda uku waɗanda masana suka riga suka san ƙarfin haskensu, ba ya motsi. Lambobin ukun nan daban yake sa su, a wani shuɗin littafi. Na taɓa tsokanarsa, na ce bai gaji da gaida mutum uku kullum ba? Ya ce na'urar tsufa take yi, zafi na rage mata gani, sama ma yau garau, gobe dishi-dishi.

“Alhaji, kai da ke sayen hatsi, in an ce maka tiya goma, ba ka tambayar tiyar wa? Ta Konni ko ta Illela?”

Dariya na yi na wuce. Ni da na yi fatauci daga Agadas har Abijan, na zauna Jidda, nake jin Faransanci da Larabci da Zabarmanci. Duk kasuwar da na shiga, sikelin mutum nake fara dubawa kafin kayansa. Shi ya sa ba ni da uzuri.

Bayan addu'ar arba'in, matarsa Mariyama ta kira ni. Ta ce ya bar wasiyya in kai littattafansa ga masana, tunda ina da ɗa a Faransa. Goma sha huɗu ne, ta ce in kwashe duka. Na tuna awon kaya a filin jirgi. Na buɗe shuɗin, na ga sunaye uku ne ke maimaituwa shafi bayan shafi, lambobin ma kusan ɗaya. Na ajiye shi kan akwati, na cika gurbinsa da kilishin jikoki.

A Faransa, wata malamar jami'a ta karɓe ni da mutunci. Ta yi ta buɗe shafuka tana yaba tsabtar aikinsa. Sannan ta tambayi ina awon taurarin da ake gwadawa da su. Ta ce in babu shi, ba a sanin ko tauraro ne ya dushe ko na'ura ce ta gaji. Har manyan madubai masu share sama a yau, in ji ta, da irin waɗannan taurari suke gyara awonsu. A bakinta da Faransanci na sake jin maganar tiya.

Kafin in dawo damina ta sauka, ɗakin Hamidu ya yi yoyo, gara ta gama sauran. Bangon shuɗin littafin kawai na tarar. Mariyama ba ta ɗaga murya ba.

“Ai duka na ce maka, Alhaji.”

Na'urar ma ta daina aiki, kuma ko da tana yi, idonta na yau ba zai faɗi yadda yake gani shekarun baya ba.

Almajiransa na lakwal sun zama manya, wasu a buro, wato ofis, wasu a masana'antar siminti ta Malbaza, suna tuna shi da haƙuri da farin alli a riga. Wannan ya rage. Littattafai goma sha uku kuma suna akwatina a Konni, ba lamba ɗaya da ta goge. Amma tun ranar da na ajiye na sha huɗun, ba wanda zai ƙara sanin abin da Hamidu ya gani.