Yatsun Goggo Rumduol

Goggo Rumduol maƙwabciyata ce a garin Battambang, kuma tun ina yarinya sana'arta ɗaya, koya wa 'yan mata rawar fada. Kullum da safe takan zaunar da su a ƙarƙashin gidanta da ke bisa dogayen ginshiƙai, ta riƙa tanƙwara musu yatsu baya a hankali, yadda aka yi mata tana ƙarama. Nata yatsun saura kaɗan su taɓa tsintsiyar hannu.

Bara gwiwa ta matsa mata, na raka ta asibiti. Likitan gaɓoɓi sai a babban birni, don haka wani malamin jinya, Vichet, ya zaunar da ita gaban kwamfutar da ke taya su gano ciwon sanyin ƙashi. Ya ce ta shimfiɗa hannu a ɗauki hoto. Ta shimfiɗa, yatsu suka lanƙwashe sama abinsu.

"Goggo, sake su mana."

"Ɗan nan, ai a sake suke."

Kwamfuta ta ce gaɓoɓin sun lalace, ciwo ya yi nisa. Gwajin jini ya ce lafiya lau. Aka sake hoto, kwamfutar ta kawo sunan wata cutar daban.

"Ni fa gwiwa na kawo," in ji Goggo. "To cuta ce ko ba cuta ba?"

Vichet ya sosa ƙeya. "Wataƙila ba ta taɓa ganin hannun mai rawa ba. Wataƙila kuma ta ga wani abu. Gaskiya ban sani ba."

Haushi ya kama ni, na ce akwatin da ba shi da yatsa ko ɗaya ne zai gaya mana zancen yatsu? Ashe ita ba ta kanta take yi ba.

"Idan cuta ce," ta ce mini a hanya, "ni na saka wa 'ya'yan mutane da hannuna."

Ta bi tsofaffin ɗalibanta gida-gida tana murza musu yatsu. Wata ta ce da damina yakan yi mata tsami, wata ta ce ita ko kaɗan. Goggo ta dawo ta fi da rikicewa, har ta ba ni tausayi.

Ba ta sallami yaran ba. Jiya na leƙa, na tarar suna ta ɗaga hannuwa sandare kamar muciya, suna jiran ta gyara musu. Ita kuwa tana tsaye tana ƙirga musu taku da baki, ta ɓoye hannuwanta a baya.