Gwangwanin da Na Zuba wa Gishiri

Ko zan manta komai a rayuwata, ba na jin zan manta abin da na jawo wa kaina a Wuse, shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas tana tarewa a Abuja. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Bayan rasuwar mijina na baro ƙauyenmu ta wajen Zariya da tukwane biyu, na kafa rumfar abinci a gefen hanya kusa da kasuwa. Ko'ina gini ake yi. Ma'aikatan da aka taso daga Legas sun baro matansu can, leburori kuma sun cika gari, kowa da yunwarsa. Kafin azahar na kankare tukunya. Cikin shekara guda na ɗauki mata uku aiki. Babbarsu wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi daga Paikon Kore, wadda ke ɗauko mini doya a kafaɗa irin yadda matansu ke ɗaukar kaya, ta kuma daka sakwara. Mama nake ce mata.

Duk ranar Asabar da yamma nakan jera gwangwanayen madara a kan benci. Kowace ma'aikaciya da nata, mai nama da nasa, mai garuwa da nasa. Abin da ya rage duk ya koma cikin sana'a. Ni ƙanzo nake ci, zannuwana biyu, kuma alfahari nake da hakan. Har dariya nake wa maƙwabciyata mai sayar da shinkafa in ta yi sabon ɗinki, ina cewa tana cin uwar kuɗi.

Wata Asabar Mama ta ajiye wani gwangwani babu komai ciki a ƙarshen layi. Ta ce, "Madam, kana biya ni, kana biya mai nama, kana biya mai ruwa. Wa ya biya kai?"

Na ce, "Mama ke nan! Ina kika taɓa ganin mai gona ta biya kanta kuɗin ƙwadago? Ai duk abin nan nawa ne."

"Naka ne? To ɗauka benci ka kai asibiti, mu gani ko likita zai karɓa."

Na yi dariya na ce to nawa take so in saka. Ta ce in na kwanta ciwo na ɗauko wata ta yi duk aikina, abin da zan ba ta shi zan saka. Na tsaya na lissafa tashin asuba, da cefane, da girki, da tsaron kuɗi. Sai na ga ya ninka na Mama har da ɗoriya. Raina ya ƙi. In ina cire wannan duk mako, yaushe zan sayi firij? Washegari na zuba gishiri a gwangwanin na ajiye kusa da murhu.

Ba don kowa Mama ta yi maganar asibiti ba sai don Innata. Ta san da Sallah na je gida na tarar idon Inna na hagu ya mutu, na dama yana bin sawu. Na kai ta wurin likita a Kaduna, ya ce ruwa ne ke danne jijiyar idon, a yi aiki da wuri, domin in jijiyar ta mutu ba ta dawowa. Kuɗin aikin kuwa, wallahi, suna hannuna a lokacin. Amma a makon ne mutumin da ya ba ni hayar wurin ya ce filin gefena ya fito, in ban karɓa ba wata za ta karɓa.

Na ce, "Inna, ki ƙara haƙuri zuwa bayan damina."

Ta ce, "Ba komai, 'yar nan, je ki nema. Ai har yanzu ina gane inuwar mutum."

Na dawo na zuba komai a bulo da kwano. Na sayi firij da janareto, na sa mai walda ya yi musu kejin ƙarfe saboda ɓarayi. A lissafina wata uku ya isa kuɗin su dawo ninki biyu. Ban ga kaina a matsayin mai rowa ba, gani nake ni ce mai hankalin unguwar.

Da ma'aikatan gwamnati suka zo suka shafa wa bangona jan fenti, alamar za a rushe, mai hayar ya ce kada in damu, sun saba yi. Wata Talata da hantsi, doya tana cikin turmi, muka ji rugugin katafila. Ashe wurin duk hanya ce a taswirar gari. Muka fid da tukwane da turmi. Makullin kejin kuwa yana ɗakin da nake kwana, can nesa. Ina tsaye ina ihu aka bi ta kan firij da janareto kamar an taka gwangwani. Mai hayar ban sake ganin ko ƙeyarsa ba.

Na zauna a kan turmi, ko hawaye sun ƙi zuwa. Shekara uku ina tashin asuba, ba ni da ko kuɗin motar zuwa gida. Maƙwabciyar da nake wa dariya ita ma an rushe tata, amma ta kwance 'yan kunnenta na zinari ta kama wani wurin cikin mako guda.

Mama ce ta tafi da ni Paikon Kore. Can na ga ɗakinta mai sabon kwano da awaki cike da garke, duk daga ɗan abin da nake jefa mata ranar Asabar. Ranar kasuwa ta sayar da awaki huɗu, ta haɗa da adashinta. Ashe ta tsinto gwangwanin nan a cikin tarkace. Ta zazzage gishirin, ta cusa kuɗin ciki ta miƙo mini. "Je ka kai Mamanka asibiti."

Na je gida na ɗauki Inna muka koma Kaduna. Likitan ya daɗe yana haska idonta. Da ya kashe fitilar sai ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, me ya tsayar da ku?" Ya ce jijiyar ta riga ta mutu.

A mota muna komowa, Inna ta laluba ta kama hannuna, ta shafa har zuwa fuskata. Ta ce, "Kin rame, 'yar nan. Ba kya cin abincin da kike sayarwa ne?" A nan kukan ya zo mini, har direba ya tsaya gefen hanya. Shekara huɗu ta yi cikin duhu kafin Allah Ya karɓi abarsa, ko sau ɗaya ba ta ɗora mini laifi ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na sake kafa sana'a daga baya, kuma duk Asabar gwangwanina nake fara cikawa, daidai abin da zan ba wadda za ta yi aikina, ba ƙari ba ragi. Abin da na koya shi ne, kuɗin da ka bari cikin sana'a na sana'a ne, ranar da ta faɗi tare za su faɗi. Wanda ka cire ka ajiye, shi ne naka da na masu haƙƙi a kanka. Yau ina da kuɗin aikin ido sau goma, sai dai idon da za a yi wa aikin yana cikin ƙasa.