Lambar Yabon Mai Rariya

Shekara ashirin da bakwai Mai Rariya ya yi a ofishin kula da koguna, kuma har ya yi ritaya surukarsa ba ta daina tambayar yaushe zai samu aikin yi ba. Ita dai abin da ta sani, mijin 'yarta, magidanci da furfurarsa, kullum yana cikin rafi har gwiwa yana ɗaga duwatsu.

Aikin nasa ke nan kuwa. Ya tara rariya a cikin ruwa, ya burkuta tsakuwa da ƙafa, ya juye abin da ya kama a farin faranti, ya zauna ƙirga: 'ya'yan mazari, ƙananan ƙaguwa, dodon koɗi, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu jela uku da ba sa zama sai a ruwa mai kyau. In suna da yawa, rafi lafiya lau. In jar tsutsa da matsattsaku kaɗai suka rage, to an ɓata ruwan.

Da aka buɗe masana'antar rini a saman rafin, masu jela uku suka fara ɓacewa, ƙaguwa ta bi bayansu. Ya rubuta rahoto, ya sake rubutawa, shiru. A shekara ta huɗu ya ɗauki farantin da kansa ya dire a teburin sabon darakta.

"Ranka ya daɗe, duba. Wuri shida na tace yau. Ko tsutsa babu."

Darakta ya leƙa, ya washe baki. "Madalla. Ashe dai aiki kake yi, Baba."

"Ranka ya daɗe, ai mutuwa suka yi."

"To da so kake su rayu? A ruwan da mutane ke wanka?"

Ya fara bayani ke nan waya ta yi ƙara, darakta ya ɗaga masa hannu.

Ranar sallamarsa aka jera kujeru a farfajiya, aka miƙa masa allon katako mai rubutun ruwan zinariya: saboda ƙoƙarinsa na kawar da ƙwari daga rafi. Aka yi ta tafi. Ya sa hannu biyu ya karɓa, don bai iya ba mutane kunya a cikin taro ba.

Matarsa ta rataye allon a falo, saitin ƙofa. Duk baƙon da ya karanta sai ya roƙe shi maganin kyankyaso. Da farko yakan zaunar da mutum ya kwashe labarin rafin kaf ya gaya masa, har shayi ya huce. Daga baya ya gaji. Yanzu kwatancen shagon maganin ƙwari na bakin titi kawai yake yi musu.