Allon Malam Gidado Ba Ya Ɗaukar Ƙarya

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Malam Gidado a Azare ya san dokarsa guda ɗaya: ba a rubuta ƙarya a allonsa. In zai rubuta jimlar Turanci, to sai abin ya faru a gaban idon kowa tukuna. Haka ya yi ta gana wa 'yan firamare azaba har ya yi ritaya, sannan ya kwaso masifar ya dawo da ita gida, ya buɗe ajin manya bayan la'asar.

Ni dai ba son ilimi ya kai ni ba, kada ku ɗora mini abin da ban yi ba. A aji uku na ajiye boko a Katagum na bi masu kamun kifi. Ina masinja a ofis, saura shekara biyu in fara cin fansho, sai ga takarda daga Bauci: za a tantance ma'aikata, wanda ya kasa rubuta jimla biyar da Turanci ya tafi gida hannu rabbana. Ga iyali cike da gida. Sai na naɗe girmana na sa a aljihu, ni Modu, Babarbare ɗan asali, na tafi neman ilimi wurin Bafillace.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya kawo mana objek."

Ban gane ba sai washegari. Ya ce a jimla akwai mai yi, shi ne sabjek, akwai wanda aka yi wa, shi ne objek. Sai ya juya wajen Alhaji Sale mai hatsi, ƙaton nan da ke ɗaga buhun gero da hannu ɗaya.

"Alhaji, tashi ka ture Modu."

Kai jama'a! Sai ga ni zaune daram cikin kwandon gyaɗa. Sannan Malam ya ɗauki alli cikin natsuwa ya rubuta.

Na ce, "Haba Malam, ba za a rubuta kawai a ce an yi ba?"

"Ka taɓa jin an yi shaidar zur a zaurena?"

Wata uku ana abu ɗaya. An ture ni, an ɗaga ni sama, an watsa mini ruwan buta. Ran nan na ce, "Wai ni yaushe zan zama sabjek?" Ya ce, "Ranar da Babarbare ya yi wani abu da kansa, ka zo ka gaya mini."

Ranar darasin wakilin suna kuwa, cewa ya yi wakili ba ya aiki mai abu na zaune. Ya kora Alhaji Sale waje, ya naɗa Isa tela wakilinsa, ya ba shi huluna biyu. In wakili ne ya yi abin, ya sa ja. In shi aka yi wa, ya sa fara, wai don a Turanci kamanninsa sauyawa suke. Isa ya yi ta cire wannan yana sa waccan har ya jiƙe da gumi. Alhaji kuwa mun manta da shi sam, yayyafi na dukansa. Sai da aka kira magariba ya leƙo.

"Malam, suna zai iya shigowa ya yi alwala?"

"Shigo, Alhaji. Wannan kam ba a wakilci."

Sai maganar akuya. Malam ya ce kada mu ɗauka mutum kaɗai ke zama sabjek. Ya jawo jar akuyarsa, ya sa na duƙa a gabanta. Na fi rabin awa a duƙe, ita tana ta tuƙa, ko kallo ban ishe ta ba. Malam ya riƙe alli ya ƙi rubuta komai. Sai da aka tashi, na sunkuya zan sa takalmi, na ji gum! Ina ƙasa ina salati, shi yana cewa, "Madalla! Kowa ya koma ya zauna!"

Ranar tantancewa ta zo. Abokan aikina sun haddace jimloli masu daɗi, wannan ya hau jirgin sama, wancan ya sayi mota. Ni da na riƙe biro sai hannuna ya ƙi rubuta abin da bai faru ba. Na zuba musu tarihina: Sale ya ture ni. Isa ya ɗaga ni. Sun jiƙa ni. Mun manta da shi. Akuya ta tunkuye ni.

Jami'in da ya zo daga Bauci ya karanta, ya tsaya a ta biyar, ya cire tabarau. Na ce shi ke nan, fansho ya tafi.

"Baba, akuyar nan mai ƙaho ɗaya ce?"

"A'a, ranka ya daɗe, ja ce, ƙahonta biyu, duk na ɗanɗana su."

"To jikarta ce. Kakar ce ta yi min ina aji biyar." Ya shafa ƙugunsa, ya sa hannu a takardata. "Babu kuskure ko ɗaya. Ka gaida Malam."

Wallahi ban san lokacin da na isa zauren ba. "Malam, na ci!"

"Ina shaida?"

Sai da ya karanta takardar sau biyu, ya ɗaga ta a haske, sannan ya miƙo mini allinsa, abin da bai taɓa ba kowa ba. "Je ka rubuta kafin su gane Babarbare ne su warware."

Na rubuta cewa Modu ya ci, yau ni ne sabjek. Ya hana a goge har sati.

Fanshon nan shi nake ci har yau, da shi na aurar da 'ya'yana. Ranar da muka kai Malam makwancinsa, ni na riƙe gaban makara, kuma babu wanda ya ce in tashi in yi.

Ya Allah, bawanka Gidado bai yarda ƙarya ta hau allonsa ba. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, ka sa abin da zai tarar a ciki ya sanyaya masa rai. Amin.