Hotunan Gidan Sharaɗa

Gidan da mahaifinmu ya bari a Sharaɗa ba wani babban gida ba ne: zaure, ɗaki biyu, tsakar gida da rijiya. Da aka raba gado ya faɗo hannuna, da ɗan haya a ciki, wani dattijo mutumin Nijar da ke aiki a kamfanin jima a Challawa. Shekara da shekaru yana nan da iyalinsa. Ko idonka a rufe ka san ya gifta, don warin fata ba ya barin kayansa, amma ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Wakilin da ke kula da gidan kuwa abokin mahaifinmu ne, wani tsoho mai keke, shi kuwa ya ishe ni. Kwata ta toshe, a yi haƙuri. Rufi yana yoyo, a yi haƙuri. Waya ma sai ka kira sau biyar. Sai wani abokin aikina ya haɗa ni da wani ejan mai ofis a Bompai, matashi, sai ƙamshin turare da zaƙin baki. Na sallami tsohon ta waya, ko takawa ban yi ba. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma ka kama hannun sabon ka kai shi wurin mutumin nan, su san juna." Na ce to, ban kuwa yi ba. Na miƙa wa ejan makullin ƙofar waje da ke wurina, na ce komai yana hannunsa.

Bayan sati biyu, ran Juma'a da la'asar, ɗan hayar ya yi sallama a gidana a Na'ibawa. Ya ƙi zama. Ya miƙo mini wayar wani abokin aikinsa, ya ce, "Alhaji, ku duba."

Hotunan gidana ne. Ashe ejan ya je da hantsi, lokacin da mutumin ke wurin aiki, shi da wasu ƙarti biyu. Suka sa makulli suka buɗe, ba sallama, suka bi lungu-lungu suna ɗauka. Ga gado, ga tukwane, ga shanya. A hoto na huɗu ga matar mutumin a bakin rijiya tana wanki da ɗaurin ƙirji, ta ɗaga hannu tana kare fuska. A ƙasa an rubuta gidan haya a Sharaɗa. Hoton ya zagaya har ya kai hannun waɗanda yake cin abincin rana da su.

A gabansa na kira ejan. Ko a jikinsa. "Haba Alhaji, ai haka ake aikin yanzu. Talla ce kawai. Zan samo maka ma'aikacin banki, ka huta da mai warin fata." Ya ma yi dariya. Ji na yi kamar na taka kashi ba takalmi. Na zage shi tas, na ce ya goge hotunan ya dawo mini da makullina. Amma ƙyamar da na ji ba tasa ba ce shi kaɗai, don ni na ba shi makullin da hannuna.

Na ba dattijon haƙuri, na rantse masa ba wanda zai tashe shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Marigayi, gidansa ne, amma bai taɓa wuce zaure ba. Ita kuma ta ce ko wanka ba ta iya yi a gidan yanzu."

Kafin wata ya ƙare suka koma Kumbotso. Makullin da ke hannunsa ma dattijon bai kawo mini ba, tsohon wakili ya kai wa. Shi ya tuƙo kekensa tun daga Sharaɗa cikin rana ya zo da shi. Ƙofata a buɗe take, kuma tun ina cikin zanen goyo ya san ni, amma a waje ya tsaya yana sallama har sai da na fito.