Numfashin Gwaggo Chun-ja

A ƙauyenmu na tsibirin Jeju, Gwaggo Chun-ja ce ma'aunin rubutu. Tun tana budurwa take nutso a teku tana tsinto dodon koɗi, ba tukunyar iska, sai huhun da Allah ya ba ta. Karatu kuwa sai da ta yi furfura ta koya.

Da aka gaji da sanarwar da ba mai ganewa, hukuma ta aiko da doka: duk jimlar da tsoho ba zai karanta da numfashi ɗaya ba, a datse ta. Mu da shegen wayo muka ce ai ga tsohuwa, muka kai wa Gwaggo. Ta ja iska, ta zazzage shafi guda ba tsayawa, ta ce, "Shi ke nan? Wasan yara." Ni akawun ƙauye sai in buga hatimi.

Mai unguwa Deok-su ne ya ɗanɗana kuɗarsa, don shi ke karantawa a lasifika, ga fuka ga taba. Ran sanarwar feshin gonakin lemo ya kai tsakiyar jimla, muka ji tari, muka ji kujera ta faɗi.

Da ya farfaɗo ya ce, "Gwaggo, kashe ni za ki yi?"

"Tafi can, rago! A bakin teku aka haife ka, amma ko kaza ta fi ka numfashi."

Abu ɗaya take tsoro. A al'adar masu nutso, wadda numfashinta ya ragu sai a mayar da ita ruwan gefe, inda ake kira tekun tsofaffi. Ta rantse ba za ta taka can ba.

Bara sai ta fara ce mini, "Ɗan nan, sa aya a nan. Nan ma." Sanarwa ta yi sauƙi, hukuma ta yaba, Deok-su har da yin ƙiba. Abokan nutsonta ne kaɗai ba su yi murna ba. Suna jin lasifika suka san abin da take ɓoyewa, suka rufa mata asiri don kunyarta.

Wata safiya ta zo ta ce in rubuta: "Chun-ja ta koma tekun tsofaffi." Ta karanta ta gwada, ta tsaya a tsakiya ta huta. Na buga hatimi.

Ba a taɓa ba Deok-su jimla gajera kamarta ba. Ya kunna lasifika ya fara, ya kasa kai ta ƙarshe, ba kuma don fuka ba.