Rumfar Inna Hajo da ƙofar gilashi

Shekara tara ke nan da Allah ya yi wa mahaifiyata, Inna Hajo, rasuwa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Filinge a zamaninta ya san rumfarta ta bayan tasha. Ba ta taɓa kafa allo ba. Zana ce da tabarmi, sai randa a bakin shiga, da turaku a gefe don masu jakuna da raƙuma. Manomin Tabla da makiyayin Sanam kan tabarma ɗaya suke zama, kuma ba a tambayar mutum abin da zai ci sai ya sha ruwa ya miƙe ƙafa.

Bayan rasuwarta ni na riƙe tukwanen. Bara ƙanena Isufu ya dawo daga Yamai da niyyar gyara wurin. Ba zan zarge shi ba, don sababbin gidajen abinci sun buɗe, sun janye mana direbobi da ma'aikata. Ya gina ɗaki, ya sa fanka da firigo mai sanyaya ruwa da kujerun roba, ya haɗa ƙofar gilashi, ya rubuta sabon suna da Faransanci. Tabarmin kuwa aka naɗe su aka kai bayan ɗaki.

Hatsinmu bai canza ba, hannun da ke tuƙa tuwon ma nawa ne. Amma sai na fara jin wai miyarmu ba kamar da ba. Na rasa gane maganar, har wata ranar kasuwa da na hango Baffa Jauro, wani dattijon makiyayi da ke cin tuwonmu tun ina yarinya. Yana tsaye a rana da sandarsa, yana duban gilashin, ya juya zai tafi. Na fita na tare shi.

"Baffa, mi ya hana ka shiga?"

"Ɗiyata, na ɗauka an saida ma ma'aikatan buro ne. Dubi ƙafafuna. Ina zan taka wurin ga?"

Mutumin nan ya biyo hanyar da a yanzu ba kowa ke yarda ya bi ba saboda rashin tsaro, ya iso lafiya, sannan ƙofar gidanmu ta kore shi da yunwa. Na shimfiɗa masa tabarma nan bakin titi, na kawo masa ruwa da tuwo.

Da yamma na zaunar da Isufu. Ya ce ai akwai wuri a baya. Na ce Inna ba ta taɓa zagayawa da baƙo baya ba, ni ma ba zan fara ba. Mun yi makonni maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Na sayi itace da zana, na sa aka kafa rumfa a gaban ɗakin, ta yadda mai neman fanka ma sai ya ratsa ta, ya gaida na zaune. Isufu bai taya ni ba, amma bai hana ba. Har yau ba mu daidaita kan allon ba. Ni dai na ce sunanta za a rubuta, kuma da Hausa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wurin yau. Ina jin firigon zai burge ta, don tana son ta ga mutum ya sha ruwan sanyi. Gilashin ne za ta tambaya wa aka sa shi ya tsare.

Inna ba ta bar ko hoto ba, jikokinta ƙanana ba su san kamanninta ba. Amma yaran ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai da aka haifa bayan mutuwarta, in sun shigo gari da iyayensu, cewa suke za su ci wajen Inna Hajo. Muddin ina da ƙarfin ɗaga muciya, za su zo su tarar da abin da aka ba su labari. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.